Yadda ake kai yaro ga harafi ta hanyar gatana da kara

Bayan girbi, daga Agiye zuwa Gazawa har Gidan Rumji, da wuya a samu gidan da babu karan dawa ko na hatsi. Ga kaba a Gulbin Kaba, ga yumɓu a fadamun Gulbin Maraɗi. Waɗannan sun isa a shirya yaro ɗan shekara uku zuwa biyar ga karatu, ko da garinsu babu ajin ƙanana. Kafin yaro ya iya harafi, sai kunnensa ya saba da zance mai fari da ƙarshe, yatsunsa kuma sun saba da ƙaramin aiki, kuma gatana da wasan kara suna ba da duka biyun.

A fara da gatana gajera, mai taurari biyu ko uku: Gizo, Ƙoƙi da kura. A faɗe ta da dare kamar yadda aka gada, tunda tsofaffi ba su son gatana da rana, a maimaita ta dare uku ba tare da an sauya kalmomi ba. Rana ta huɗu babba ya fere karan da kansa, domin bayansa yana yanka hannu, ya miƙa wa yaro totuwar da siraran ɓawon. Yaro ya soka ƙafafu takwas ya yi Gizo, ya murza yumɓu ya yi kura, ya naɗe kaba ta zama bukka. Kada a gyara masa ko da kurar ta fito kamar tunkiya, don hannun ake horarwa. Daga nan a jera kayan a tabarma daga hagu zuwa dama, yadda boko ke tafiya, a ce ya ba da labarin yana taɓa kowanne. In ya tsaya, a tambaye shi: “Sai me ya faru?” Nan ne ya kamata a daɗe, har makonni, domin yaron da ya iya jera aukuwa uku da bakinsa zai iya bin jimla a takarda. Harafi ya zo daga baya. A ja babban G a rairayi kusa da Gizo, yaro ya bi layin da yatsa, ya jera ɓawon gyaɗa a kai. Sati na gaba a kawo K na kura da Ƙ na Ƙoƙi, ya ji bambancinsu a bakinsa kafin ya ga lanƙwasar.

Wasu za su ce lakwal da Faransanci ake yi, me Gizo zai ƙara? Yaro sau ɗaya yake gane cewa zane yana ɗauke da sauti, kuma ya fi saurin ganewa a harshen da ya sha a nono. Abin da ya sa Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 ke nan, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Mai jin nauyin siffar abu mai rai yana iya barin ta babu fuska, ko yaro ya yi bukka da kwalekwale. Jerin labarin ake nema. Uwar da ba ta yi boko ba kuwa, rabonta ya fi girma, domin gatanar a bakinta take. Harafin sai wa ko ya da ke lakwal su ja shi a ƙasa da yamma.