Shin Siyasa Na Shiga Shari'ar Lafiya?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Kwamba a Suleja yana tambaya ko siyasar jam'iyya na taɓa shari'o'in da suka shafi lafiyar jama'a. To Malam, tana taɓawa, tun daga wanda ya shigar da ƙarar.

Ga misali nan kusa da kai a Abuja. A 2020, ana tsakiyar korona, Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila na APC ya kawo ƙudurin yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, wanda zai bai wa shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ikon tilasta rigakafi da killace mutane. Wa ya garzaya Babbar Kotun Tarayya? Tsohon sanata Dino Melaye na PDP. Akwai abin tsoro a ƙudurin, gaskiya ne, amma hayaniyar 'yan siyasa ta danne muryar likitoci.

A Amurka abin ya fi fitowa fili. Jihohi 26, akasarinsu na 'yan Republican, suka kai dokar inshorar lafiya ta Obama kotu. A 2012 Kotun Ƙoli ta bar dokar da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, kuma wanda ya cika na biyar, John Roberts, shugaban ƙasa ɗan Republican ne ya naɗa shi. Sai dai hukuncin ya bar wa jihohi zaɓin faɗaɗa tallafin jinyar talakawa, Texas ta ƙi. Can, ma'aikaci mai ƙaramin albashi yakan tsaya gaban kantin magani da takardar likita a hannu, ba inshorar da za ta biya masa.