Idan Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ya Mutu

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: idan injin ƙaramin jirgin sama ya mutu a sararin samaniya, shi ke nan sai faɗuwa?

To Malam, a'a. Fukafukai ne ke riƙe jirgi a iska, inji tura shi gaba kawai yake yi. Jirgi kamar Cessna 172, idan injinsa ya tsaya yana bisa mita 1,000, zai iya lulawa kusan kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa. A wannan ɗan lokaci matuƙi zai sunkuyar da hancin jirgin kaɗan don kada gudu ya ƙare masa, ya hango fili ko gona, ya gwada tayar da injin, ya nemi agaji ta rediyo.

Ƙarewar mai na cikin manyan dalilan mutuwar inji, sai ruwa a cikin man, ko ƙanƙara ta toshe kafireto.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne jim kaɗan bayan tashi. A Maris 2015 injin jirgin ɗan fim Harrison Ford ya mutu da tashinsa daga Santa Monika a Amurka. Ya juya zai koma, bai kai ba, ya sauka a filin wasan golf. Ya ji rauni sosai, amma ya rayu.