Amsoshin Wasiƙunku: Ina Tashar ATV ta Kanada Ta Shiga?

Wasiƙar farko ta fito daga wani dattijo a Zariya, wanda ɗansa ke karatu a birnin Halifax na ƙasar Kanada. Ya ce yaron ya ba shi labarin cewa tsofaffin garin, idan lokacin labaran yamma ya yi, sai ka ji suna cewa a kamo musu ATV, alhali abin da ke fitowa a fuskar akwatin CTV ne. Yana tambaya: suna aka sauya, ko tashar aka sayar?

To Baba, Allah ya ƙara girma, duka biyun aka yi, kuma cinikin ba sau ɗaya ba.

Tun asali tashoshi ne daban-daban, kowacce da garinta a lardunan gabashin Kanada da ke bakin tekun Atlantika. Akwai CJCB a Sydney, wani gari a tsibirin Cape Breton, wadda ta fara aiki a 1954. Akwai CKCW a Moncton, ita ma tun 1954, sai CJCH a Halifax da aka buɗe a 1961, da CKLT a Saint John. A farkon shekarun 1970 wani kamfanin rediyo na Toronto mai suna CHUM, na Allan Waters, ya shiga sayen waɗannan tashoshi, a 1972 kuma ya haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya, ATV. Shirye-shiryen ƙasa baki ɗaya daga CTV suke karɓowa, amma labarai da shirye-shiryen gida nasu ne, na mutanen Nova Scotia da New Brunswick da Prince Edward Island. A 1983 CHUM ya ƙara musu ƙanwa, ASN, mai zuwa ta tauraron ɗan'adam.

Shekara 25 ATV ta yi a hannun CHUM, kuma a lokacin ne ta shiga zuciyar mutane. Shirinta na ƙarfe biyar na yamma, Live at 5, ya zama abin da ake kallo ana haɗa abincin dare. Akwai kuma Christmas Daddies, gidauniyar da ake yi kai tsaye a talabijin duk ƙarshen shekara tun 1964, ana tara kuɗi don yaran da iyayensu ba su da hali. Wannan ne ya sa sunan ya ƙi fita daga bakin tsofaffi.

A 1997 aka yi musaya. Kamfanin Baton, na iyalan Bassett da Eaton, yana neman mallake CTV gaba ɗaya, kuma yana buƙatar tashoshin gabas don ya cika burinsa. Sai ya ba CHUM tashoshinsa na lardin Ontario, na London da Wingham da Windsor da Pembroke, ya karɓi ATV da ASN. Baton ya sauya sunansa zuwa CTV a 1998. A 2000 kamfanin tarho na BCE, uwar Bell, ya saye CTV kan dala biliyan 2.3 na Kanada. Sunan ATV ya ɗan ƙara jan numfashi, sai a 2005 aka goge shi, aka koma CTV Atlantic.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta aiko da saƙon waya kan wannan batu, tana tambaya ko shi CHUM ya ci ribar musayar.

Malama, ya ci na ɗan lokaci. Allan Waters ya rasu a ƙarshen 2005, a 2006 aka sanar da sayar da kamfanin, kuma mai sayen shi ne kamfanin da ke riƙe da CTV. Ke nan tashoshin Ontario da CHUM ya karɓa sun koma gida ɗaya da waɗanda ya bayar. Hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasar, CRTC, ta amince a 2007, amma ta hana a haɗa da tashoshin Citytv na CHUM, sai aka sayar da su ga kamfanin Rogers. A tsakanin nan BCE ya rage hannun jarinsa a kamfanin da ke riƙe da CTV, har asusun fanshon malaman makaranta na Ontario ya shiga cikin masu kamfanin. A 2011 BCE ya dawo ya saye komai, aka raɗa wa sashen suna Bell Media.

Ni abin da ke damuna a wannan tarihi shi ne, duk cinikin da aka ƙulla, mai yanke shawara sai ya ƙara nisa da mai kallo. Gaskiya ne CHUM ma ba ɗan yankin ba ne, amma a hannunsa ATV babbar kadara ce da ake ji da ita. A hannun kamfanin da ribarsa ke fitowa daga waya da intanet, ɗakin labarai na Halifax layi ɗaya ne a takardar lissafi. A Fabrairun 2024 BCE ya sanar da rage ma'aikata 4,800, da sayar da gidajen rediyo 45, aka kuma soke labaran tsakar rana da na ƙarshen mako a yawancin tashoshin CTV. Idan guguwar teku ta afka wa wani ƙauyen masunta ranar Asabar, mutanensa suna buƙatar ɗan jarida na kusa, wanda ya san hanyar garin.

Tambaya ta ƙarshe daga wani matashi a Kumasi: shin duk lardunan gabashin ne suka bi wannan hanya? A'a, ɗan'uwa. A Newfoundland akwai NTV ta birnin St. John's, wadda marigayi Geoff Stirling yake cikin waɗanda suka kafa ta a 1955. Ba ta taɓa shiga ATV ba, kuma ta ci gaba da zama a hannun iyalinsa.

Sauran wasiƙun da ke gabana sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.