Tsohon Gem A Sabon Gida: Me Ya Sa Masoya Ke Fushi?

A hutun da ya wuce na je gida Gandi, na tarar da ƙanena da abokansa uku a zaure sun haɗa kai a kan waya ɗaya, gardama ta kaure. Wai karo-karo suka yi suka sayi data, suka kwana biyu suna sauke GTA San Andreas, da aka buɗe sai ga wani abu daban. Babban cikinsu, wanda ya taɓa buga na PlayStation 2, sai rantsuwa yake yi: "Yaya, wallahi wanga ba shi na ba. Ga CJ nan dai, amma garin ba nashi na ba." Na karɓi wayar na duba. Gaskiya ya faɗa.

Zan dawo kan abin da suka sauke. Amma maganar yaron nan ta tsaya mini a rai, domin ita ce masu buga gem a Amurka da Turai da Japan suke yi duk lokacin da aka ɗauko tsohon gem aka kai shi wata na'ura. Shi ya sa na ga ya dace mu yi nazarin abin a nan, don amfanin mai saye da kuma ire-irenmu da ke koyon rubuta manhaja.

Hanyoyi huɗu da tsohon gem ke dawowa

Da farko mu rarrabe abubuwa huɗu da ake yawan cakuɗawa.

Na ɗaya shi ne ƙaura. Kamfani ya ɗauki ainihin rubutun gem ɗin, ya gyara shi yadda zai yi aiki a na'urar da ba don ita aka yi shi ba. Gem ɗin yana nan yadda yake, gida kawai ya sauya.

Na biyu shi ne kwaikwayo, wato amfani da emuleta. A nan ba a taɓa gem ɗin ba. Manhaja ce ke sa wayarka ko kwamfutarka ta riƙa aiki kamar tsohuwar na'urar. Wadda muka fi sani ita ce PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012 don buga gem ɗin PSP.

Na uku shi ne kwaskwarima, wanda ake ce wa rimasta: a ƙara wa hoto kyau, a gyara haske da sauti, amma ƙashin gem ɗin na da ne.

Na huɗu shi ne sabon gini, wato rimek: a rushe a sake ginawa daga tushe, labarin kaɗai ake riƙewa.

Yawancin rigimar da ake yi tana tasowa ne idan aka yi wa mutane alkawarin na uku, aka karɓi kuɗi kamar na huɗu, sannan aka ba su na ɗaya, shi ma ba a yi shi da kyau ba.

Me ya sa ƙaura ke da wuya?

Wani zai ce, to ai wayar yanzu ta fi PlayStation 2 ƙarfi, mene ne abin wahala? Haka ne, ta fi ta. PlayStation 2 ta fito a 2000 da ram mai megabait 32 kacal. Wayar da ke da gigabait 4 ta ninka ta fiye da sau 100. Sai dai ƙarfi daban, yare daban. Furosesar PlayStation 2, wadda Sony ya sa wa suna Emotion Engine, ba irin umarnin da furosesar waya ke ji take ji ba. Dole a sake fassara komai.

Bayan haka, masu gina gem a wancan zamani sun yi dabaru don ɓoye gazawar na'urar. Misali, hazon nan da ke rufe nesa a San Andreas yana ɓoye wuraren da na'urar ba za ta iya zanawa a lokaci ɗaya ba. Haka kuma an ɗaure lissafin motsi da yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa guda, wanda bai wuce 30 ba. Shi ya sa a kwamfuta, idan ka cire wannan takunkumi, iyo a ruwa da tuƙin mota sai su rikice. Ga kuma talabijin: an tsara gem ɗin don tsohuwar mai ƙusumbi, ba doguwar fuskar waya ba. Wanda zai yi ƙaura, in bai san dalilin kowace dabara ba, zai cire abin da yake ganin aibi ne, ashe shi ne ginshiƙin ɗakin.

Tafiyar San Andreas

Kamfanin Rockstar ya fitar da San Andreas a PlayStation 2 a watan Oktoba 2004. Shi ne gem ɗin da aka fi saye a tarihin wannan na'ura, sama da kwafi miliyan 17. Mu a Gandi bai iso hannunmu ba sai bayan kusan shekara goma. Ina ɗan shekara 11 muke zuwa wani shago mai talabijin biyu da ɗan janareta, a biya naira 20 a zauna a benci. Wanda ba shi da kuɗi sai ya tsaya a baya yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Lambobin sirri kuwa a bayan littafin lissafi muke rubuta su. Har yau yatsuna sun haddace R1, R2, L1, X da abin da ke biye. Dole in faɗi gaskiya a nan: gem ne da aka yi wa manya, akwai kisa da ashar da abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma bai kamata a bar mu a gabansa a wannan shekarun ba. Masu ƙanne su kula.

A ƙarshen 2013 aka kai shi waya. Wani ƙaramin kamfani, War Drum Studios, shi ya yi aikin. A 2014 aka ɗauki wannan na wayar aka kai Xbox 360, a 2015 aka kai PlayStation 3. Tun a nan ƙorafi ya fara, domin mutane sun gane cewa na waya aka juye musu a talabijin.

Babbar rigimar ta zo ranar 11 ga Nuwamba 2021, da aka fitar da GTA III da Vice City da San Andreas a haɗe, da sunan The Definitive Edition, a kan kusan dala 60. Kamfanin nan dai ne ya yi aikin, bayan ya sauya suna zuwa Grove Street Games. Kafin fitowar, an cire tsofaffin daga shagunan intanet, ya zama ko ka sayi sabon ko ka haƙura. Da aka buɗe sai ga ruwan sama mai kauri da ke hana ganin hanya, fuskokin mutane sun koma kamar na roba, rubutun allunan shaguna ya cika da kurakurai. An cire hazo, sai ya zama in ka hau dogon bene kana hango ƙasar gaba ɗaya kamar tabarma, girman da muke ganin tana da shi ya tafi. Masu kwamfuta kuma sun yi kwanaki ba su iya bugawa ba, saboda manhajar shiga ta kamfanin ta tsaya kuma an janye gem ɗin na ɗan lokaci. A shafin Metacritic makin da masu bugawa suka ba shi bai kai 1 cikin 10 ba. Ranar 19 ga Nuwamba Rockstar ya fito ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin gyara da mayar da tsofaffin ga masu kwamfuta.

Wannan batu na ka biya kuɗi amma ka kasa bugawa, mu ba baƙonmu ba ne. A watan Satumba na shekarar, saboda matsalar tsaro, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo. Duk gem ɗin da ke neman intanet ya mutu a hannunmu. Tsohon faifan PlayStation 2 kuwa, in akwai man janareta, yana nan yana aiki. A lokacin na fahimci dalilin da ya sa mutane ke jin zafi idan kamfani ya janye tsohon abu: wanda ke hannunka shi ne naka.

An daɗe ana gyara. A watan Disamba 2023 gem ɗin uku suka fito a waya ta hanyar Netflix da zaɓin mayar da haske irin na da, kuma masoya suka yaba. A watan Nuwamba 2024 aka kai wannan gyara sauran na'urori. Ka ga shekara uku kenan kafin a dawo da abin da tun farko ba wanda ya ce a cire.

Abubuwa uku da masoya ke karewa

In ka tace duk ƙorafin, abu uku ne.

Na farko, hannu. Wanda ya saba da hannun gem, yatsunsa suna aiki ba tare da ya duba ba. A gilashin waya babu abin da yatsa ke ji, kuma babban yatsanka yana rufe rabin abin da kake kallo. Aikin nan na bin jirgin ƙasa a kan babur tare da Big Smoke, wanda ko a da sai an yi gumi, a waya wani sabon karatu ne.

Na biyu, ido da kunne. Jan hasken yamma na Los Santos da waƙoƙin rediyon mota suna cikin abin da mutum ke tunawa. Waƙoƙin nan haya kamfani ya yi na wasu shekaru. Da wa'adin ya ƙare, sai aka cire wasunsu daga sababbin fitowa. Mai saye bai san da wannan yarjejeniya ba, shi dai ya kunna bai ji abin da ya saba ji ba.

Na uku, aljihu. Misali mai kyau shi ne Red Dead Redemption, wanda ya fito a 2010. A watan Agusta 2023 aka kai shi PlayStation 4 da Nintendo Switch, kamfanin Double Eleven ya yi aikin. Wannan karon aikin ya yi kyau, gem ɗin yana tafiya lafiya. Duk da haka an yi ta surutu, saboda an sa masa kusan dala 50, gem mai shekara 13, kuma an cire ɓangaren bugawa da mutane ta intanet. Wato ko ƙaura ta yi kyau, mutane suna auna kuɗin da aikin da aka yi.

Ba kowane ƙorafi ba ne gaskiya, wannan ma a faɗa. Wani abin da yake nema ba ya cikin faifai. Yarintarsa yake nema, da benci da abokai da ƙarar janareta, kuma babu kamfanin da zai iya dawo masa da su. Ni kaina na sake buga na PlayStation 2 bara, na ga hoton bai kai yadda nake tunawa ba. Amma ruwan saman da ke hana gani ba kewar da ba ce, aiki ne da ba a gwada ba.

Kafin ka ƙona datarka

Yanzu mu koma zaure. Abin da su ƙanena suka sauke an rubuta masa San Andreas na PPSSPP. To, San Andreas bai taɓa fitowa a PSP ba. Waɗanda suka fito a can su ne Liberty City Stories a 2005, da Vice City Stories a 2006, da Chinatown Wars a 2009. Nasu Vice City Stories ne wani ya sauya wa jarumin riga da fuska. Haka abin yake ga ƙwallon da ake turawa a waya da sunan PES na bana a PPSSPP: na ƙarshe da Konami ya fitar a PSP shi ne PES 2014, sauran duk tsohon ne aka sauya wa 'yan wasa da riguna. Ba laifi ba ne ka ji daɗinsa, amma ka san abin da ke hannunka. GTA V kuwa Rockstar bai fitar da shi a Android ba. Duk fayil mai wannan suna, ka yi hattara, yana iya zama tarkon satar bayananka, kuma a wayar nan manhajar bankinka take.

Saboda haka, kafin ka sauke, yi wa kanka tambayoyi huɗu. Gem ɗin ya taɓa fitowa a wannan na'ura kuwa? Wane ne ya fitar da shi, kamfanin ne ko wani can? Nawa ne girmansa, kuma wayata za ta ɗauka? San Andreas na waya ya haura gigabait 2. Sannan, yana aiki in babu sabis? Ga ɗan Gandi ko Wurno ko Goronyo, wannan ta ƙarshe ba ƙaramar tambaya ba ce.

Darasi ga masu rubuta manhaja

Mu da muke shirin fita da difloma, kaɗan ne daga cikinmu za su gina gem. Amma kusan dukkanmu za a ba mu aikin ƙaura wata rana: a ce mai da littafin bashin shago zuwa kwamfuta, ko tsohon tsarin rajistar makaranta zuwa waya. Abin da ya faru da San Andreas ya koya mini abu uku. Kada ka cire komai sai ka tambayi dalilin da ya sa aka sa shi. Ka gwada aikinka a hannun wanda ya saba da tsohon, domin shi zai ga abin da kai ba za ka gani ba. Kuma kada ka rufe tsohon tsari sai sabon ya tsaya da ƙafarsa.

Su ƙanena dai ba su goge nasu ba. Da na yi musu bayani, babban ya yi shiru, sannan ya ce: "To Yaya, tunda mun biya, sai mu buga shi da sunanshi na gaskiya." Na baro su suna neman hanyar fita daga barikin soja a Vice City.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, amin.