Yadda ake ajiye lissafin shago a kwamfuta ko da an ɗauke wuta

Wasu masu shagunan magani da na sari a Babbar Kasuwar Katsina sun ajiye littafi sun koma kwamfuta, kuma manhajojin da matasanmu ke rubuta musu ba sa jiran intanet, a cikin na'urar bayanan suke zama. In kai ne mai rubuta irin wannan manhaja, ka fara da zaɓen ma'ajiya: LevelDB da Google ta fitar a 2011, ko RocksDB da Facebook ta gina a kanta. Kowane ciniki ka ba shi mabuɗinsa, kwanan wata haɗe da lambar rasit. Wannan kam ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ɗan aji biyu ma zai iya.

A wajen rubutawa ake gane gwani. Idan manhaja ta ce ta adana, sau da yawa bayanin bai kai faifai ba, yana ƙwaƙwalwar wucin gadi. Kamar yaron da ka ba kuɗi ya kai banki ne, ya ce an gama, alhali suna aljihunsa. Haka LevelDB take zuwa tun asali, shi ya sa take da sauri. In manhajar ce kawai ta mutu, ba a rasa komai. In kuwa wuta aka ɗauke, ga kwamfutar tebur babu batiri, cinikin ƙarshe yana iya tafiya ke nan.

Maganinsa umarnin fsync, wanda ke tsayar da aiki sai faifai ya tabbatar ya karɓa. Amma ka sa shi a kan kowane rubutu, sai na'ura ta yi nauyi, layi ya taru, mai shago ya ce littafinsa ya fi. Don haka ka raba. Kuɗi da bashi, dole a jira faifai. Tarihin bincike da ƙananan saituna, bar su su bi a hankali. Sannan kayan rasit guda, rage kaya da shigar kuɗi da sunan mai bashi, ka ɗaure su a ƙunshi ɗaya da WriteBatch: ko su shiga duka, ko kada ɗaya ya shiga, jira kuma sau ɗaya ne.



Kafin ka miƙa aiki, fara shigar da ciniki, ka zare wayar wuta daga bango ana tsaka da rubutu, ka kunna, ka gwada da rasit ɗin da aka buga. Maimaita har ka gamsu. Wanda bai yi wannan gwaji ba, kada ya karɓi kuɗin mai shago.