Darasi: Waƙafi da Karatun Ɗan Talaka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW). Bayan haka:

'Yan'uwa matasa, kowace shekara muna ganin yara masu ƙwaƙwalwa a zangunanmu sun ci jarrabawar shiga jami'a, amma rashin kuɗin makaranta ya zaunar da su. Mukan yi karo-karo a masallaci a biya wa yaro shekara ɗaya, shekara ta biyu a koma gidan jiya. Maganin wannan shi ne waƙafi.

Ma'anarsa: kalmar daga "waƙafa" take, wato ya tsaya ko ya tsayar. A shari'a, shi ne a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gāda, sai amfaninta kawai ake ciyarwa saboda Allah. Haka Annabi (SAW) ya shawarci Sayyidina Umar (RA) ya yi da gonarsa ta Haibara.

Ga misali na zamaninmu daga Riyad, babban birnin Saudiyya. Bayan rasuwar Sarki Faisal a 1975, 'ya'yansa suka kafa Mu'assasar Sarki Faisal a 1976. Ba su rabar da dukiyar a rana ɗaya ba. Sun zuba ta a gine-gine masu kawo kuɗin haya, kamar dogon benen Faisaliyya da aka kammala a 2000. Da irin wannan riba mu'assasar ta ɗauki nauyin ɗalibai Musulmi daga ƙasashe dabam-dabam a fannin likitanci, injiniyanci da kimiyya, ta kuma kafa Jami'ar Alfaisal wadda ta fara karatu a 2008. Ita ce ta karrama Shaikh Abubakar Gumi da kyautar hidimar Musulunci a 1987.

Kada mu ce ai su sarakuna ne. Da hanu da yawa ake ɗaukar jinka. Shago ɗaya a Nima ko a Kumasi, in aka tsayar da shi waƙafi, hayarsa za ta riƙa taimakon ɗalibi bayan ɗalibi. Sharuɗɗan uku ne: a rubuta waƙafin da shaidu, a naɗa amintattu masu karanta lissafi a gaban jama'a, a zaɓi ɗalibi, mace ko namiji, don ƙwazo da buƙata, ba don dangi ba.

Aikin gida: kowane reshe ya tattauna da alhazai da 'yan kasuwar unguwarsa, ya kawo mana rahoto a zama na gaba.

Allah ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.