Katin Bashi Mai Mayar da Wani Kaso: Ya Dace da Ɗan Kasuwar Gecheme?

Wani ɗan kasuwa daga Gecheme a Nijar ya tambaya ko ya nemi katin banki irin wanda ke mayar wa mai sayayya wani kaso na kuɗinsa.

Irin wannan kati ya yaɗu a Amurka bayan fitowar katin Discover a 1986. Ɗan abin da banki ke mayarwa, galibi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, yana fitowa ne daga ladan da yake karɓa wurin mai kanti. Sayayyar sefa 100,000 ba ta wuce ta dawo da jika ɗaya ko biyu ba. In biya ya yi jinkiri kuwa, kuɗin ruwa sai ya cinye abin da aka mayar. Iyakar kuɗin ruwan da aka sa wa bankunan yankin UEMOA, wanda Nijar ke ciki, a 2014 ita ce kashi 15 a shekara, ban da maganar riba da malamai ke tsawatarwa a kai.

A Nijar yawancin katunan na cire abin da ke cikin asusu ne, kuma a kasuwar ƙauye tsabar kuɗi da Airtel Money ke aiki. Mai tambaya ya je reshen banki a Dosso da katin shaida, ya nemi kuɗin katin na shekara a rubuce. In ya zarce abin da za a mayar masa, ya haƙura.